Inda Akwatin Yaya Bulus Ya Kwana

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. A ƙofar coci tambaya, a kasuwa tambaya, shekaranjiya har Maman Istifanus ta biyo ni gida wai gaisuwa ta zo, alhali hoto take so in nuna mata. Babu hoto. Amma tunda ku matan zumunta kuka haɗa hannu kuka sayi akwatin nan, haƙƙinku ne ku san inda ya kwana. Zan faro muku tun daga tasha, kada dai wadda ta katse ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Bulus wana ne, ciki ɗaya, mu biyu muka rage. Tun yana saurayi aka tura shi aikin bishara wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, can arewacin Jigawa, ya yi zamansa har furfura. Shi yake zuwar mana duk Kirsimeti da buhun gero da ƙullin kuka, shi ya sa ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba. Da aka bugo waya aka ce ya rasu a asibitin Gumel, abin da na fara faɗa bayan kuka shi ne ba za a binne ɗan'uwana kamar marar dangi ba. Na roƙi Faston Gumel a bar shi a ɗakin ajiye gawa har in iso. Kun dai ga akwatin da idonku, ja mai sheƙi, hannayensa ruwan zinariya, cikinsa farin yadi mai santsi. Na yi muku alkawari a cikinsa zai kwanta.

A tashar Kano na fara ganin ikon Allah. Duk direban da na nufa, da ya hango abin sai ya tuna motarsa ta cika. Ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan ai sai motar asibiti." Da ƙyar wani mai akori-kura da ya yi lodin robobi da bokitai zai kai kasuwar Maigatari ya yarda, amma da sharaɗin a naɗe shi da tabarmi a ɗaure tam.

"In an tambaya, kabad ɗin amarya ce," in ji shi.

Na ce, "Ni ba na ƙarya."

Ya ce, "Ke dai yi shiru, ni zan yi."

Na zauna a gaba, zuciyata tana baya. A hanya ya yi ta kwasar fasinja yana ɗora su kan kaya. Muna gab da Gagarawa Tasha, kusa da tsohon layin dogo, taya ta yi bindiga. Dole aka sauke kaya don a ɗaga motar, igiya ta kwance, tabarma ta zame, sai ga akwati a bakin titi yana ƙyalli a rana. Na runtse ido ina jiran ihu.

Wata tsohuwa Bafulatana ce ta matso, ashe tun daga Gujungu a kansa take zaune da ƙwaryarta. Ta ce, "'Yar nan, wannan wane irin gado ne?"

Na ce, "Inna, akwatin gawa ne."

Ta yi salati, amma ko taku ɗaya ba ta ja baya ba. "Wa ya rasu?"

"Wana."

"Ayya! Allah ya ba ku haƙuri." Sai ta sa hannu tana shafa murfin. "To in an kai shi a ciki, sai a dawo da abin?"

"A'a, da shi ake binnewa."

"Duka?"

"Duka."

Ta riƙe haɓa, ta dube ni kamar na ce zan zuba man shanu a rijiya. "Wannan katakon? Ai ya yi ƙofar ɗaki har da ta zaure!"

Raina ya ɓaci, na ce a zuci me ta sani. Amma kafin a gama gyaran taya, fasinjan nan kaf, maza da mata, sun zo ɗaya bayan ɗaya sun yi mini ta'aziyya, ita kuma ta dama mini fura a ludayinta ta ce sai na shanye. Da aka tashi tafiya ta koma ta zauna a kan akwatin, ta ce ya fi buhu daɗin zama.

Da la'asar sakaliya muka shiga Gumel. Direba ya tsaya a gaban wata katanga mai ƙofar langa-langa ya ce mun iso. Na ce, "Ina cocin?" Ya ce, "Ga shi kina kallo." Ni da na saba da namu mai bene da fankoki! Ciki ɗan fili ne, da ɗakin sujada, da gidan Fasto, da rijiya. Na tarar ana taruwa don addu'ar tsakiyar mako, Ibo masu kayan gyaran mota, Yarbawa, malaman makaranta, wani ɗan sanda, 'yan bautar ƙasa, da Hausawa 'yan'uwanmu daga ƙauyuka. Kowa ya san kowa, har na ji ana sa akuyar wani cikin addu'a don ta ƙi cin abinci. Mu nan mutum sai ya shekara a benci ɗaya da ke bai san sunanki ba.

Mama Fasto, wata gajeriya mai sanyin murya, ta rungume ni muka yi kuka. Da aka kwance tabarmin ta ga akwatin, sai ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi takalminsa. Can ta ce, "Ikon Allah. Ya yi kyau." Na ji daɗi, na ɗauka yabo ne.

Na tambaya wa zai kawo lasifika da janareta don daren waƙoƙi, yadda muke yi a nan har gari ya waye. Suka ce ai yanzu za a yi waƙar. Mata suka ɗauko tulu da kacau-kacau, aka fara. Kun san ni in waƙa ta yi daɗi, na saki murya har kwanon rufi yana amsawa. Ana tsaka da haka aka kira sallar magariba a masallacin da ke bayan katanga. Mai tulu ta kifa tafinta a bakin tulun, kowa ya yi tsit. Ni kaɗai na ci gaba, ido a rufe, hannu a sama, sai da na ji muryata tana yawo ita kaɗai. Wayyo kunya! Da ƙasa ta tsage da na shige.

Daga baya na ja Mama Fasto gefe na ce, "Hana ku aka yi?"

Ta ce, "Ba wanda ya hana mu. Su ma in suna da ɗaurin aure ran Lahadi da safe, ba sa kunna lasifika sai mun tashi."

"Wa ya shirya muku haka?"

"Ba kowa. Haka muka tarar."

Abinci kuwa, al'adarsu in baƙo ya sauka kowane gida sai ya aiko da kwano. Aka jere mini kwanuka a gaba kamar mai talla, kuma wai sai na taɓa kowanne, in ba haka ba mai shi za ta ji ba daɗi. Wanda ya fi ba ni mamaki tuwon gero da miyar kuka na wata matar Ibo, wallahi ya fi nawa, kuma kada ku kai wannan maganar gidana. Masauki aka ba ni ɗakin makarantar Lahadi, aka haɗa benci aka ɗora katifa. Sai da na shiga na ga abokin kwanana, don ɗakin ne kaɗai mai kwaɗo, a nan aka ajiye akwatin. Ba zan ce muku na yi barci ba.

Da safe sai Maigatari, bakin iyaka, don tarbo Tabita, 'yar Yaya Bulus da aure ya kai ƙasar Damagaram. Layin wayarta ba ya aiki a wannan gefen, ga shi ranar kasuwa ce. Na ce da Fasto, "A wannan taron ta yaya za mu gan ta?" Ya ce akwai wani dattijon ikilisiya mai sayar da tayoyi, duk Kiristan da ya tsallako daga Nijar a shagonsa yake fara yada zango, a nan ake barin saƙo, a nan ake jin wa ya haihu wa ya mutu. Fasto ya goya ni a babur, ni da rabona da babur tun ina budurwa.

Kai, Maigatari! Manyan motoci, raguna kamar maruƙa, ga raƙuma. Ni raƙumi a hoto na san shi, ban san yana da wari da tsaki ba. Iyakar ma na zaci wata ƙatuwar ƙofa zan gani. Sanda ce aka gitta a kan ganguna, masu kaki suna zaune a inuwa, jakuna suna wucewa ta gefe abinsu. Na ɗan zaga neman ruwan sha, ina dawowa na tarar da Tabita a shagon, ta ce, "Gwaggo, daga ina? Ai kin shiga Nijar kin fito." Ƙasar waje ta farko da na taɓa zuwa ke nan, ban ma sani ba.

Yarinyar nan bakinta ya juye, babbar mota wai kamiyo. Ta zo da burodi dogo kamar taɓarya, da wani ƙunshi da ta rungume a ƙirji. Na ce mene ne, ta buɗe, farin yadi ne.

"Matan zumuntarmu suka aiko, na Baba ne."

Na ce, "Ba ya buƙata, na zo masa da akwati."

"Akwati, Gwaggo?" Ta dubi Fasto, Fasto ya sake duban takalminsa. Sai ta ce, "To."

Muka koma Gumel. Mazan ikilisiya suka karɓo Yaya daga asibiti, suka yi masa wanka, suka naɗe shi da yadin Tabita, sannan suka sa shi a akwati. Ban yi gardama ba, tunda dai ya shiga. Wani ɗan'uwa ya ba da motarsa, muka kama hanyar Sule Tankarkar. Daga nan muka bar kwalta muka faɗa rairayi, ba mu yi nisa ba mota ta kafe. Ina cikin cewa mun shiga uku, sai ga amalanken shanu a gindin wata ƙaya. Wai wani Bafulatani maƙwabcin su Yaya ne ya turo tun hantsi, don ya san ba motar da ke wuce wurin. Haka aka ɗora akwatinku mai hannun zinariya inda ake ɗora taki, muka bi shi a ƙasa. Takalmina ya cika da yashi, na cire, yashi ya gasa ni, na mayar.

Tun daga nesa muka ji ana buga ƙarfe. Ƙararrawar cocinsu ke nan, tsohon ƙarfen taya da aka rataye a jikin wata darbejiya. Cocin ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, darbejiyar tana gabansa, ita kaɗai ce inuwar kirki a wurin. Ga mutane maƙil, har bayan danga. Na ce, "Fasto, duk waɗannan namu ne?" Ya ce, "Namu da 'ya'yansu ba su fi su cika 'yan bencin nan ba. Sauran maƙwabta ne." Musulmi ne, sun bar gonakinsu tun safe suna zaune a tabarmi. A ƙofar gidan kuwa kwanukan abinci ne jere daga gidajensu, don ba a hura wuta a gidan makoki.

Yaya Hannatu, matar marigayin, ta fito ta riƙe ni. Da idonta ya sauka kan akwatin sai ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Aka yi gajeriyar sujada a gindin darbejiyar, aka ɗauke shi zuwa bayan coci, gefen gona. Mazan garin ba su saba ganin mata a bakin kabari ba, amma suka buɗa mana hanya suka sunkuyar da kai. Na leƙa ramin. Sama ɗan fili ne marar zurfi, a tsakiyarsa kuma an yanka wani siriri, daidai kafaɗar mutum. Aka ajiye akwatin a gefe. Ko makaho ya san ba zai shiga ba.

Kun san bakina. Na ce, "Wa ya haƙa wannan? Mutum za a binne ko rogo za a dasa?"

Wani tsoho ya matso, ƙura har gwiwa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce, "Ni ne, baiwar Allah."

Fasto ya raɗa mini cewa Malam Hudu ke nan, danga ɗaya ta raba gidansa da na Yaya. Wai a garin nan masu makoki ba sa haƙa wa kansu. In Kirista ya mutu Musulmi ke haƙawa, in Musulmi ya mutu Yaya Bulus da mutanensa ke riga kowa ɗaukar diga. Kuma duk iri ɗaya suke yi, a likkafani, don ba wanda ya taɓa kawo akwati nan.

Na ce da Fasto, "Kun sani tun jiya! Me ya hana ku gaya mini?"

Ya ce, "Mama, mun ga wahalar da kika sha kika kawo shi. Nauyi muka ji."

"To su fa, me ya hana ku aiko musu su faɗaɗa?"

"Su ma nauyinsu muka ji. Kamar mun ce aikinsu bai yi ba ne."

Oh ni Rifkatu! Tun daga Gumel har bakin iyaka kowa ya sani, kowa yana ce mini ya yi kyau.

Malam Hudu bai nuna ya ji zafin maganata ba. Ya ce, "Ba mu san da akwati ba. Na dai ƙara masa faɗi kaɗan, don na san ku a rigingine kuke kwantar da naku. Amma tunda akwati kike so, a miƙo mini diga." Tsohon nan ya sauka ramin. Sara ɗaya ya yi, gefen ya rufto ya binne masa ƙafafu. Ya kwashe, ya sake sara, ya sake ruftowa. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ka san ƙasar nan. In za a buɗe ta haka sai an jiƙa ta ta kwana." Bai kula shi ba, ya ci gaba. Na ga tafin hannunsa ya fashe, yana goge jinin a riga.

Ta kwana? Yaya tun kafin azahar yake waje, ga rana kamar ta dafa mutum. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya san ba zai kai gobe ba.

Yaya Hannatu ta ja hannuna, ta nuna mini wani mutum tsaye a gindin darbejiya da gatari a kafaɗa. Ta ce, "Ramin ciki da itace ake rufe shi kafin a sa ƙasa. Itace kuwa a nan kowa nasa ake sara masa. Darbejiyar nan ce ta yayanki, ita kaɗai. Da hannunsa ya dasa, da jarka ya yi ta ɗauko mata ruwa. In zafi ya yi ba ma iya zama ƙarƙashin kwano, a nan muke sujada. In aka sari abin da zai isa, kututture za a bar mana. Tun safe suke jiran in ce a sara, bakina ya ƙi."

Na dubi bishiyar, na dubi tsohon da ke cikin rami, na dubi akwatin. Sai muryar tsohuwar Gagarawa ta dawo mini, tana cewa wannan katakon.

Na ce, "Malam, fito haka nan. A fito da Yaya. Kai mai gatari, zo nan."

Ba wanda ya motsa. Sun zaci baƙin ciki ya taɓa ni. Sai na kama hannun zinariyar nan guda na fizga da ƙarfina duka, na kusa faɗuwa da baya, don ashe roba ce aka fesa wa fenti. Maman Istifanus, ke kika zaɓa, sai ki ji.

Daga nan aka samu masu taimako. Aka ɗaga Yaya cikin farin yadinsa, aka cire yadin cikin akwatin aka shimfiɗa a ramin, Fasto da dattawan ikilisiya suka kwantar da shi. Wani ya ruga ya kawo zarto. Ina tsaye aka ɓaɓɓalle akwatin nan, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane jan zarto ina jin sa a haƙorina. Malam Hudu ya karɓa yana jerawa a kan ramin ɗaya bayan ɗaya, jan fentin yana sama, ya bi duk wata kafa ya liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yadda ko ƙwayar yashi ba za ta faɗa masa ba. Muka yi waƙa, ba lasifika ba ganga. Mutanen garin suna tsaye har muka ce amin.

Na zauna har Lahadi. Yaya Hannatu ce ta buga ƙarfen da kanta, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Wani manomi cikin dattawa ya yi karatu yana bin layi da yatsa, ya yi wa'azin da bai fi shan kunu ba. Da aka zo ba da baikon coci na buɗe jaka zan ciro kuɗi, sai na ga ana fitowa da kwanon gero, da ƙwai, da wake a leda, wata ma kaza ta kawo ɗaure da ƙafa, ta yi ta kuka har aka tashi. Rabi za a kai wa matar marigayin, rabi a ajiye don wanda abincinsa zai yanke kafin kaka. Na zauna a inuwar nan ina ta kallon rassanta.

Ranar da zan taho, Malam Hudu ya zo sallama, hannunsa ɗaure da tsumma. Na ba shi haƙuri kan maganar rogo, ya ce shi bai ma ji ba. Yana wasa da yashi, can ya ce, "Ƙanwata, na ga 'yan katakon da suka rage an jingine su a bayan coci. In ba za ki koma da su ba, a bar mini."

Na ce, "Ƙofa za ka yi?"

Ya ce, "A'a. Ni ma ba ni da itace." Ya ɗago ya dube ni. "Shi ya haƙa wa mahaifiyata, shi ya haƙa wa uwar 'ya'yana. Mun yi da shi zai haƙa nawa, tunda na girme shi, sai ya riga ni. To ko katakonsa ya rufe ni."

Duk tafiyar nan ban yi kuka irin na wannan safiyar ba. Na ce ya ɗauka, ban tsaya neman izininku ba. Don haka masu tambaya, ga inda akwatinku yake: rabi yana kan Yaya Bulus, rabi yana soke a rufin zauren Malam Hudu.